Wata uku ina neman ƙwalamar da ba gishiri ba sukari: abin da ya zauna a jakata

Yunwar bayan la'asar ce ta jefa ni cikin wannan bincike. Aikin lissafin kuɗi nake yi a wani shagon kayan gini a nan Kano, daga safe ba na tashi sai gab da magariba. Shekara da shekaru abin da nake toshe cikina da shi a wannan tsakani bai wuce biskit da lemon kwalba ba, in an samu sarari a aiko yaro ya sayo fanke ko gurasa. Sai da na je asibiti kan wani ciwon kai da ya ƙi tafiya, aka ɗaura min abin awo a hannu, likita ta dubi lambar ta dube ni. Jini ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ta rubuta magani, sannan ta ce, "Malam, ka rage gishiri, ka rage zaƙi, ka rage sitaci. In yunwa ta kama ka, ka nemi abin da ke gina jiki." Na ce to. A raina kuwa cewa nake, in an cire waɗannan ukun me ya saura a tiren mai talla?

Da yake lissafi ne sana'ata, sai na fara da lambobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin wannan har da na miya da na burodi da na komai. In aka juya shi zuwa sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, miligiram 2,000 ke nan. Furotin kuwa, wato sinadarin da ke gina jiki, ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne kusan giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ni mai kilo 80 ina buƙatar wajen giram 64 a rana. Sai na yanka wa kaina ƙa'ida: abin taɓawar la'asar ya ba ni giram 12 zuwa 15, kada ya zo da gishirin da zai cinye rabon miyar dare, kuma kada kuɗinsa ya wuce wanda nake kashewa a biskit da lemo.

Farko na yi abin da ɗan boko yake yi, na nufi babban kanti. Na sayo irin sandar furotin ɗin nan ta ƙasar waje da 'yan motsa jiki suke ci, guda biyu. Furotin kam akwai, wajen giram 20 a kowace. Amma kuɗin guda ɗaya ya isa a yi cefanen miya a gidana, kuma zaƙinta har hawa kai yake duk da an rubuta ba sukari. Wani sinadarin zaƙi ake zubawa a madadinsa, wanda ya sa cikina ya yini yana ƙugi kamar ana hadari. Daga biyun nan ban sake ba. Abin kirki ɗaya da na tsinta a kantin shi ne koyon karanta bayan leda. A duba a ga lissafin na giram 100 ne ko na ɗan abin da kamfani ya kira ci ɗaya, don wata ledar ci uku ce a lissafinsu, kai kuma a zama ɗaya za ka zazzage ta. In sodiyam aka rubuta, a ninka sau biyu da rabi, shi ne gishirin. A Ingila ba a kiran abu mai ƙarancin gishiri sai bai wuce giram 0.3 a giram 100 ba, sukari kuma giram 5. Da wannan ma'auni na bi layin biskit da cincin na leda tun daga farko har ƙarshe, na fito hannu rabbana.

Sai na dawo gida, na ce ai muna da kilishi. Nan ma an gudu ba a tsira ba. Kilishi furotin ne zalla, sitacinsa kaɗan, amma labun da ake tsoma shi a ciki gishiri ne da dunƙulen ɗanɗano, wasu har da sukari. Ka ci falle ɗaya ka ga ruwan da za ka sha kafin isha'i. Ga tsada. Dambun nama shi ma haka, an ƙara masa da mai. Fara ta fi ba ni takaici, don busasshiyarta fiye da rabin nauyinta furotin ne, kuma ni mutum ne mai son fara tun ina yaro, amma duk wadda na saya a ƙulle an riga an yi mata wanka da gishiri da yaji. Gujiya da aya kuwa ban daɗe a kansu ba. Gujiya tana da furotin daidai gwargwado amma fiye da rabinta sitaci ne, aya kuma zaƙi ne da tauna kawai.

A nan ne na gane inda gizo yake saƙa. Gyaɗa, waken suya, ƙwai, nama, fara, duk ba su zo duniya da gishiri mai yawa ba. Hannun mai sayarwa ne yake zubawa, kuma ba laifinsa ba ne, bakinmu ne ya saba. Dunƙulen ɗanɗanon nan kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma, da muke ɗauka wani abu ne daban, sodiyam ce a cikinta. Dabarar ita ce ka riga gishirin isa wurin abincin.

Wannan ya kai ni ƙofar wata dattijuwa a layinmu, wadda ta fi shekara ashirin tana awara da ƙuli-ƙuli. Uwargida ce ta yi min iso. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, alfarma na zo nema. In kin tashi yin awara ki ware min tawa kafin ki zuba gishiri da ɗanɗano." Ta ajiye matankaɗin da ke hannunta ta ce, "Malam, lami za ka ci? Ko gidan yari ai ana sa gishiri." Da na gaya mata abin da likita ta ce sai ta yi shiru, ta ce ita ma ƙanwarta haka take fama. Muka yi ciniki: ranar Litinin da Alhamis za ta ware min, kuɗi kuma daidai da na kowa.

Na tsaya na ga yadda take yi. Waken da ya kwana a ruwa an kai inji an markaɗo, ta tace da ƙyalle, madarar ta hau wuta a babbar tukunya. Da ta tafaso sai ta riƙa tsiyaya ruwan tsami a hankali, nan take farin ya dunƙule ya taso sama kamar gajimare, ruwan ya koma garai-garai. Daidai wannan lokaci ne take zuba gishiri da ɗanɗano da jajjagen attaruhu da albasa. Tawa sai ta kwashe a wani ƙyallen daban, attaruhu da albasa kawai, ta ƙulle ta ɗora dutse a kai. Awarar da aka matse sosai tana ba da furotin daga giram 10 zuwa 17 a giram 100, gwargwadon ruwan da ya tsane, sitacinta bai wuce giram 2 ko 3 ba, sodiyam kuwa kamar babu. Cikin duk abin da na gwada babu wanda ya cika sharuɗɗana kamarta.

Gaskiya ɗaya ce, makon farko wahala na sha. Awarar da ba gishiri, in ka ci ta haka nan, kamar kana tauna soso. Abin da ya cece ni yajin da uwargida ta daka: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, busasshiyar tafarnuwa da ɗan ƙuli-ƙuli, ba gishiri ko ƙwaya. In na barbaɗa sai in matsa lemon tsami a kai. Tsamin nan yana yaudarar harshe, ya rufe gurbin gishiri fiye da yadda na zata. Wajen mako na uku bakina ya sauya. Ranar da na ɗanɗani awarar yara, irin ta kowa da kowa, ji na yi kamar an kifar da kwanon gishiri a ciki.

Aibinta biyu. Tana shan mai in an soya ta, don haka muka koma gasa ta a kasko da ɗan shafen mai, ba ta kai soyayyiya daɗi ba amma ta wadatar. Na biyu, ba ta da haƙuri. Gishiri yana taimaka wa abinci ya jima, tawa kuwa babu, ga zafin Kano, ga wutar da ba a dogara da ita. Wata Alhamis a watan Afrilu na manta da ita a jaka tun safe, da na buɗe da la'asar ta yi yauƙi tana tsami, sai kaji suka ci rabona. Yanzu abin da zan ci a ranar kawai nake ɗauka, sauran a firij in akwai wuta.

Ƙuli-ƙulin Inna shi ne ya cike wannan giɓi, don shi yana mako biyu a kwalba bai ce uffan ba. Ɗanyar gyaɗa tana da furotin kusan giram 25 a giram 100, rabin nauyinta kuma mai ne. In an matse man aka bar tunkuza, furotin ɗin ya ƙara taruwa wuri guda, shi ya sa ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita. Na kasuwa yawanci da gishiri, wani da sukari, musamman siraran nan masu kama da zobe. Nawa citta da barkono kawai. Sai dai akwai abin da ya sa na fi son in sayo gyaɗar da kaina in kai mata. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Mai neman riba ba zai zubar da ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba, cikin inji za ta tafi tare da mai kyau. Mu kan baza tamu a faifai da daddare, ni da yara, mu tsince duk wadda ta motse ko ta sauya launi. In ka tauna ƙuli ka ji ɗaci, tofar, kada ka ce asara.

Ƙwai dafaffe ba ya buƙatar dogon sharhi. Guda ɗaya giram 6 na furotin, sitaci bai kai giram ɗaya ba, sodiyam wajen miligiram 70. Biyu sun biya buƙatar la'asar, in dai ka kauce wa ɗan ƙullin yajin da mai talla yake haɗowa da shi. Matsalarsa aljihu. Ga lissafin da ya buɗe min ido: kilo ɗaya na busasshen waken suya yana ɗauke da furotin kusan giram 360, daidai da ƙwai 60, kiret biyu cif. Kilo ɗaya na gyaɗa kuwa ya kai ƙwai 40. Duk wanda ya san kuɗin kiret ya kuma san kuɗin kwanon wake a kasuwar Dawanau, ba sai an ƙarasa masa zancen ba. Ko da an cire abin da ke bin dusa wajen tace awara, tazarar tana nan da faɗi.

Wannan lissafi ya ruɗe ni na yi zarin gwada soyayyen waken suya, a ci kamar gyaɗa. Karon farko ban jiƙa shi ba, na zuba a kasko kai tsaye, ya fito kamar tsakuwa, saura kaɗan in bar haƙori a ciki. In an jiƙa ya kwana, aka tsane, aka soya a yashi da ƙaramar wuta har ya yi ja, yana garas-garas. Dole ya gasu sosai, don ɗanyen waken suya yana hana jiki narkar da furotin. Amma sitacinsa ya fi na awara nesa ba kusa ba, kusan kashi uku cikin goma, kuma in na wuce cikin tafin hannu guda cikina kumbura yake. Na ba shi matsayi na uku.

Kindirmo na zo da shi a ƙarshe don ba kullum nake samu ba. In an dace da mai kyau, wanda ba a tsinka da ruwa ba, a juye a ƙyalle mai tsabta a rataye na 'yan sa'o'i. Ruwan zai ɗige ya tafi da wani kaso na zaƙin madara, abin da ya rage ya yi kauri, furotin ya ninka. Da dakakken ƙuli a kai, wallahi ba na kishin mai cin ayis-kirim. Yogot ɗin roba na shaguna kuwa, juya bayansa ka karanta sukarin kafin ka biya.

Gargaɗi ɗaya da likitar ta maimaita min sau biyu: mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin da ra'ayin kansa, sai ya tambaya. Kuma gyaɗa da ƙuli ba su da sukari amma suna da nauyi, giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Na ga haka a wandona a wata na biyu, lokacin da nake ajiye kwalbar a kan tebur ina kai hannu ba lissafi. Yanzu ƙuli biyar nake ƙirgawa a ƙaramar roba, kwalbar ta zauna a gida.

Maganina ina sha, awo na ƙarshe likita ta yi murmushi. Jadawalin ya tsaya haka: Litinin da Alhamis awara, Talata da Asabar ƙwai biyu, sauran ranakun ƙuli. Kuɗin da nake kashewa a mako bai kai na biskit da lemo ba. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je karɓar tawa, sai na ga ƙyalle uku a ƙarƙashin dutse maimakon ɗaya. Na ce, "Inna, duk nawa ne?" Ta ce, "Ina fa. Ɗaya na ƙanwata ne, ɗaya na limamin masallacinku. Kai ka ja min, yanzu sunanta awarar masu hawan jini."