Na ƙasa a aikin sare bishiya: ɗan ƙodagon yini ko tsayayyen mutum?

Malam, ka tambaye ni wanda ya kamata ka ɗauka a matsayin na ƙasa, wato mai taimaka wa mai hawa daga gindin bishiya. Tsakanin ɗan ƙodagon da za ka ɗauka da safe ka sallame shi da yamma, da gogaggen na ƙasa da za ka riƙe da albashi, ɗauki gogaggen. Batun nawa za ka ba shi da ka tambaya, zan zo kansa, amma sai ka fara sanin abin da kake biya.

Mutane na ɗauka aikin na ƙasa jan rassa ne da shara. Wannan shi ne ƙaramin ɓangarensa. Babban aikinsa igiya ce. Ɗanyen itace mai tauri nauyi gare shi: gungume mai faɗin santimita 40 da tsawon mita ɗaya ya haura kilo 100. Idan mai hawa ya yanke shi ya faɗo kafin igiya ta kama shi, ƙarfin fizgar yakan ninka nauyinsa sau da dama, kuma wurin da aka rataya igiyar can sama yana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da igiyar ke ɗauke da shi. To a jikin wannan bishiyar mai hawa yake ɗaure. Na ƙasa da ya san aiki ba ya tsayar da gungume farat ɗaya. Yana barin igiya ta ɗan gudu, yana rage mata sauri a hankali har kaya ya sauka lafiya. Wanda bai sani ba sai ya ƙanƙame, bishiya ta girgiza, na sama ya bugu da ita da injin sarewa mai sarƙa yana ci a hannunsa. Sau nawa za a naɗe igiya a ƙarfen da ke gindin bishiya, wannan ma hukuncinsa ne: naɗi ya yi yawa kaya ya tsaya cak, ya yi kaɗan igiya ta ƙwace ta ƙone tafin hannu.

Wanda nake aiki da shi yanzu, Allah Ya saka masa da alheri, ba mai yawan magana ba ne. Wata rana muna sauke wata tsohuwar bishiya da ta yi wa rufin gida rumfa, ina sama na gama ɗaure reshe na kunna inji, sai na ga ya ɗaga hannu. Na kashe. Ya ce, "Maigida, dakata. Dubi ƙarƙashin gwafar da muka rataya igiya." Daga inda nake ba a ganin komai. Shi kuwa ya lura lokacin da muka sauke reshen baya wata 'yar tsaga ta buɗe ta rufe, garin ruɓaɓɓen itace ya zubo masa a hular kwano. Na zagaya na sa yatsa, ciki duk ya ruɓe, ɓawo ne kawai ke riƙe da ita. Muka mayar da igiyar wani reshe mai lafiya, muka rage girman yanka. Bai sake tayar da zancen ba, ko da muka sauko. Irin wannan ido ba a samunsa a mutumin da bai san ko gobe za a kira shi ba.

Kuma ba ranar haɗari kaɗai ake ganin amfaninsa ba. Kafin in nemi inji ya cika shi da mai, ya ɗumama shi, ya danna birkin sarƙa, ya ɗauro shi. Garin da ke zubowa yake kallo: in ya ga ya koma ƙura maimakon 'yan ɓarɓashi, ya san sarƙa ta dakushe, ya shirya wata. Haɗin mai ba ya yin sa da ƙiyasi, ma'auni ɗaya na man inji cikin 50 na fetur, yadda kamfanonin Stihl da Husqvarna suka tsara wa injinansu. Jelar igiya kullum tana cikin buhunta, nesa da injin niƙa rassa, domin igiyar da ta shiga bakin wannan inji tana tafiya da duk abin da ke ɗaure da ita. Idan mai gida ya fito yana tambaya, shi ke tare shi da fara'a ya mayar da shi bayan layi.

Ɗan ƙodagon yini kuwa, na yi aiki da su, suna jan rassa su loda mota, ba laifi. Iyakarsa ke nan. Ba na ba shi igiya, don abu na farko da zai yi shi ne naɗe ta a hannu, kuma idonsa na ƙasa a wurin da ya kamata yana sama. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya koya masa. In aiki ya yi yawa ka ƙara shi a matsayin mutum na uku, ka ba shi hular kwano, ka nuna masa iyakar da ba zai tsallaka ba, ka biya shi cikakke.

In za ka gwada mutum, kada ka dubi ƙwanji. Miƙa masa igiya ka ce ya ɗaura gungume, ka ga ko ƙullinsa na riƙewa kuma yana kwantuwa bayan ya ɗauki nauyi. Ka kira daga sama ka ji ko zai amsa da ƙarfi kafin ka yanka, don ƙa'idar ke nan: na sama ya yi kira, na ƙasa ya duba ya amsa, sannan inji ya ci. Tambaye shi inda mutane za su tsaya in ana kayar da bishiya. Amsar ita ce nisan tsawon bishiyar sau biyu ga duk wanda ba ya cikin aikin. Tambaye shi wayar lantarki. A ƙa'idar ANSI Z133 da masu wannan sana'a ke bi a Amurka, wanda ba shi da horon aiki kusa da waya ba ya matsawa ƙasa da ƙafa 10, wajen mita 3, kuma ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙiyar igiya na iya ɗauko wuta. Sai babbar tambaya: in na ji ciwo a sama, me za ka yi? A Birtaniya ana buƙatar a samu mutum na biyu a wurin aiki da ya iya hawa ya sauko da wanda ya ji rauni, har takardar shaida ake yi a kai. Mutumin da sarƙa ta yanka yana rataye ba shi da lokacin jiran masu agaji daga nesa. Wanda kuma ka ga waya a hannunsa alhali ana yanka a sama, ka sallame shi cikin mutunci a ranar.

Yanzu kuɗi. Kada ka auna shi da kuɗin lebura, da na mai hawa za ka auna. Ni ma'aunina, gogaggen na ƙasa ba ya kasa kashi biyu cikin uku na abin da mai hawa ke karɓa. In ya iya ceto daga sama, ko yana tuƙa mota, ko yana gyaran inji, sai ya matso kusa da shi sosai. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a inda kake, wannan na sabon shiga ne, shi ma ka faɗa masa tun farko lokacin da za a duba ƙari. Yininsa yana farawa daga lodin kaya, ba daga isa gindin bishiya ba, yana ƙarewa bayan an sauke an wasa sarƙa. Ranar da ruwa ko iska suka hana aiki bayan ya fito, a ba shi wani abu tsayayye da kuka amince a kai. Hular kwano, abin toshe kunne, tabarau, safar hannu da wandon kariya, duk a wuyanka suke, ba a cire su daga albashinsa. Ƙarar injin sarewa ta haura desibel 100, alhali daga 85 ake fara tsoron lalacewar ji, kuma kunnen da ya tafi ba ya dawowa. Maganinsa in ya ji rauni a bakin aiki, naka ne, in akwai inshora ka yi masa. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne biya bisa yawan bishiyar da aka sauke. Wannan tsari gaggawa yake haifarwa, kuma mai gaggawa ne ke shiga ƙarƙashin reshe kafin a amsa masa. Ka biya shi kafin guminsa ya bushe, ranar da kuka ajiye, ko mai aiki ya biya ka ko bai biya ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da kaya. Araha ba ta ado. Akwai masu sayar da igiyar ɗaure kaya da sunan igiyar hawa, da ƙugiyoyin ado da sunan na ɗaukar mutum, da injin jabu mai launin na gaske wanda birkin sarƙarsa ba ya kamawa. Ƙugiya ta gaskiya ƙarfinta na rubuce a jikinta da kN, wato ma'aunin ƙarfin da za ta iya jurewa, tare da lambar ƙa'idar Turai irin EN 362, igiyar hawa kuma EN 1891. In mai kaya ya kasa nuna maka wannan da takardar kamfani, bar masa. Igiyar da wani ya riga ya yi amfani da ita kada ka saya ko a nawa, ba ka san fizgar da ta sha ba. Haka dillalan ma'aikata da za su ce maka yaronsu ƙwararre ne, su karɓi kuɗi su ba shi rabi. Kuɗin mutum a hannunsa za ka sa.

Saboda haka nemi gogagge ɗaya, ku yi mako guda na gwaji da cikakken biya, ka fara shi da ƙananan rassa a wurin da ba rufi ba waya. In hannunsa a igiya ya kwanta maka, ku rubuta yarjejeniya: albashi, ranar biya, kuɗin ranar ruwa, da lokacin ƙari. In kuma ya nuna sha'awar hawa, ka riƙa ba shi ƙananan bishiyoyi kana ƙasa kana riƙe masa igiya.