Sharhi kan rumfar wasan da ake ba wanda ya yi nasara zomo mai rai a wajen baje koli

A bukukuwan baje kolin amfanin gona da gundumomin Amurka ke shiryawa lokacin zafi, da filayen wasannin yara masu yawo gari-gari a Ingila, akwai rumfar da yara ba sa wuce ta. Ka biya, a ba ka ƙwallo ko zobe ka jefa, in ya faɗa inda ake so a miƙo maka dabba mai rai. A Ingila yawanci ɗan kifi ne a leda. A wasu wuraren na Amurka zomo ne, wani lokacin ma babu jifa, sakin zomayen ake yi a fili a ce yara su bi su da gudu, wanda ya cafke ya tafi da nasa. Abin da za mu duba shi ne kayan da ake miƙa wa wanda ya ci: zomon kansa, kwalin da aka sa shi, kejin da ake tallatawa a gefe, da ƙullin abincin. Hukuncinmu tun daga nan shi ne kada a shiga.

Zomon da ake kawowa rumfa kusan kullum ƙarami ne, domin ƙanƙantarsa ce ke jan yara. Nan matsalar ta fara. Bai kamata a raba ɗan zomo da uwarsa ya koma sabon gida kafin ya cika mako 8 ba. Cikin zomo ya dogara ne kan wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wani babban aljihu na hanjinsa, su ke narka ciyawa, kuma a makonnin yaye ba su gama zama daram ba. Ka ɗauki irin wannan ɗan zomo ka yi doguwar tafiya da shi a mota, ka ajiye shi cikin kiɗa da ihu da hannayen mutane, sannan ka canza masa abinci a rana ɗaya, sai cikin ya rikice. Abin da ke biyo baya sanannen abu ne wajen masu kiwo: kwana 2 ko 3 zomo yana tsalle lafiya lau, sai gudawa mai majina ko kumburin ciki, washegari a tarar da shi a miƙe. Cutar koksidiya, wadda ke yaɗuwa ta kashi inda aka cunkushe 'ya'yan zomo wuri ɗaya, ita ma a wannan shekarun take kamu. Mai rumfa ba zai gaya maka ranar haihuwa ba, ba zai ba ka katin rigakafi ba, gobe kuma ya naɗe rumfarsa ya yi gaba.

Sai zafi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. Daga digiri 25 a ma'aunin salshiyas ya fara takura, in aka haura 30 yana iya mutuwa. Rumfar tamfol da tsakar rana, kwali a rufe, sannan mota da aka ajiye a rana yayin da iyali ke ci gaba da zagaya kasuwa, duk wannan ya isa ya kashe shi kafin a kai gida. Zomon da ka ga ya kwanta ya miƙe, hancinsa a jiƙe, yana numfashi da baki a buɗe, ya riga ya shiga haɗari, domin lafiyayyen zomo ta hanci kawai yake numfashi.

Wasan guje-gujen ya fi muni. Ƙashin zomo bai wuce kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ga ƙafafun baya masu ƙarfin gaske. In aka ɗaga shi ba a tallafe ƙugunsa ba, shuri ɗaya a iska na iya karya ƙashin bayansa ta wajen ƙugu, ƙafafun baya su mutu. Yaro ɗan shekara 6 da ya faɗa kan zomo da dukan nauyinsa don kada wani ya riga shi, ko ya ɗago shi ta kunne, ba mugunta ya yi ba, abin da wasan ya ce ya yi ne.

Kwalin ba ya buƙatar dogon bayani. Fitsari ɗaya ya jiƙa gindinsa, zomo kuma ya tauna kusurwa cikin 'yan mintuna. Ba abin ɗaukar dabba ba ne.

Kejin kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake karɓe kuɗin iyaye. Da wuya tsawonsa ya kai mita 1. Ƙungiyar RWAF ta Birtaniya, wadda aikinta ke nan kan zomaye, ta ce mafi ƙarancin fili ga zomaye biyu shi ne mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi, kuma su riƙa samunsa dare da rana. Gwajin mai sauƙi ne: zomo ya iya tsalle 3 a jere, ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba, ya kwanta ya miƙe sosai. Kejin rumfa ba ya cin ko ɗaya da zarar zomon ya kai wata 4. In gindinsa na waya ne, wata matsalar ke nan: tafin zomo gashi ne kawai a kan fata, babu tsokar da kare ko kyanwa ke da ita, don haka waya na goge gashin har diddige ya yi gyambo. Babu maɓoya a ciki, alhali zomo dabba ce da ake farauta, hankalinsa ba ya kwanciya sai da wurin shiga, wanda ya fi ma mai ƙofa biyu. Kwalbar ruwa mai bakin ƙarfe da ake maƙalawa kan ba da ruwa ɗigo-ɗigo, ƙwallon bakinta kan maƙale ba a sani ba. Kwano mai nauyi da ba zai kife ba ya fi ta, kuma zomaye sun fi shan ruwa da yawa a kwano. Amfani ɗaya da kejin ke da shi: a cire samansa, in gindin na roba ne a mai da shi wurin fitsari.

Ƙullin abincin, in an bayar, galibi gaurayen hatsi ne mai launi-launi. Zomo zai tsince masu zaƙi ya bar masu amfani. Abin da ba a taɓa haɗowa da shi ba kuma shi ne ainihin abincin: busasshiyar ciyawa. Ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na cimar zomo, tulin da ya kai girman jikinsa kowace rana. Ɗanyen ganye kashi 10, abincin kanti mai ƙwaya iri ɗaya kashi 5, wato wajen giram 25 ga kowane kilo na nauyin babban zomo. Dalilin yana cikin bakinsa. Haƙoransa 28 ne, dukansu ba sa daina tsiro, na gaba kan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a mako, kuma taunar ciyawa ce ke goge su. Babu ciyawa, turame su yi tsini su yanki harshe da kumatu, zomo ya daina ci. Karas da ake ta nunawa a zane-zanen yara kuwa sukari ne, ɗan yanki lokaci-lokaci ya isa.

Babban aibin rumfar bai shafi kaya ba. Wanda ya je sayen zomo ya yi shawara tukuna. Wanda ya ci shi a wasa ya fito ne da niyyar yawo, ya koma gida da nauyin shekara 8 zuwa 12. Zomo ba ya son zaman kaɗaici, ke nan ana buƙatar na biyu. In yara biyu suka ci biyu, tantance mace da namiji a ƙananan zomaye na da wuya ko ga gwani. Suna balaga tun wata 3 zuwa 4 a ƙananan nau'i, ciki kwana 31 ne, kuma mace na iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Sai kuɗin yi musu aikin hana haihuwa, sai allurar rigakafi duk shekara. A Birtaniya ana yin ta ne don cutar miksomatosis da cutar zubar jini ta zomaye, wadda sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010 ya kuma bazu a kudu maso yammacin Amurka a 2020. Cutar zubar jinin na bin takalmi da tufafi da keji, tana kisa ba tare da alama ba. Mai zomaye a gida da ya shigo da na rumfa ya saka nasa cikin caca.

Doka ba ta toshe ƙofar gaba ɗaya ba. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta hana ba yaron da bai kai shekara 16 ba dabba a matsayin kyautar wasa, sai dai in yana tare da babba, wanda hakan ke nufin uba na tsaye a gefe, komai ya halatta. Scotland a dokarta ta shekarar ta hana abin kwata-kwata, in ban da tsakanin iyali. Ƙungiyar RSPCA mai kare dabbobi a Birtaniya ta daɗe tana neman a yi haka ko'ina, kuma ƙananan hukumomi da dama sun hana a filayensu. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Masu kare al'adar kan ce tana koya wa yaran karkara kiwo. Akwai gaskiya a cewa yaro na koyon abubuwa da yawa daga riƙon zomo, amma wanda ake koya wa kiwo sai ya tanadi wuri da abinci kafin dabba ta iso.

In an riga an ci, ga abin yi. A bar filin nan take, kada zomon ya jira a mota. Kafin a tafi a tambayi mai rumfa abin da yake ba shi, a karɓi kaɗan, a canza a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. A gida a sa shi ɗaki mai sanyi da shiru, da ciyawa, da ruwa a kwano, da kwali mai ƙofa biyu, a ɗauke wayoyin lantarki, a hana yara ɗaukarsa kwana 2 na farko. Kada a ba ɗan zomo ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace a makon farko. A ware shi daga sauran zomaye aƙalla mako 2, a kai shi wurin likitan dabbobi da ya san zomo ya duba kashi, kunne, haƙora da jinsi. Kada a yi masa wanka. Kada a ba shi ragowar maganin gida: amoksisilin da danginsa ta baki na kashe ƙwayoyin hanjin nan, maganin ƙuma na karnuka mai fifronil kuma guba ne a gare shi. A riƙa duba kashinsa safe da yamma, ya zama ƙwaya-ƙwaya, busasshe, mai yawa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Wanda ya ga ba zai iya riƙo ba ya nemi gidan ceton dabbobi ya miƙa shi, kada ya sake shi a daji, domin zomon gida bai san yadda zai tsere wa dila ko shaho ba.