Na biya kuɗin mod a Skyrim: aikin ya yi kyau, faci ne ya gagara

Ta hanya biyu na taɓa biyan kuɗin mod a gem ɗin Skyrim. Ɗaya zan iya sake bi, ɗayar kuwa mun yi hannun riga. Ta farko ita ce shagon Creations da Bethesda, mai gem ɗin, ta buɗe a Disamban 2023, inda kake sayen kiredit sannan ka sayi aikin masu ƙirar da kamfanin ya tantance. Ta biyu biyan wata-wata ne kai tsaye ga wani mai ƙira da ke aikinsa shi kaɗai.

Ga wanda bai saba ba, mod ƙari ne da 'yan wasa ke ƙerawa da kansu su liƙa a jikin gem: sabon takobi, sabon gari, gyaran haske, wani lokacin labari sukutum. Skyrim ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, kuma rabin dalilin da ya sa har yau ba a ajiye shi ba su ne waɗannan mutane da ke aiki kyauta.

Abin da na saya a shagon wani ƙaramin ƙauyen masunta ne a gaɓar tekun arewa, da labarin 'yan fasa-ƙwauri a cikinsa. Kuɗinsa bai kai dala 10 ba. Dannawa ɗaya ya sauka ya zauna, ba sai na yi ta kokawa da jerin wane fayil zai riga wane lodawa ba, kuma duk wanda ya taɓa ɓata dare a kan wannan jeri ya san darajar hakan. Muryoyin mutanen ƙauyen tas suke, babu ƙugin fanka ko amsa-kuwwar ɗakin da aka naɗe su, bakinsu kuma yana tafiya daidai da maganar. Akwai wata mai masauki da ke yi maka magana a daƙile idan ka shigo. Bayan na gano wasiƙar ɗanta a cikin wani akwati a ƙasan jirgin da ya nutse, sai gaisuwarta ta canja, har ta daina karɓar kuɗin ɗaki a hannuna. Irin wannan ƙaramin abu ne ke nuna maka an zauna an yi tunani. Labarin dai gajere ne, kafin ka gama sabawa da mutanen ya ƙare, amma ban ji an cuce ni ba.

Matsalar ta fito daga wani wuri dabam. Ina da wani mod na kyauta da ke sake fasalin duwatsu da ƙanƙarar wannan gaɓar. Da suka haɗu, sai ƙofar masaukin ta nutse rabi cikin dutse, abokin tafiyata kuma ya tsaya yana ta tafiya a wuri ɗaya, goshinsa a jikin bango. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka mod biyu ke yi idan suka taɓa wuri ɗaya. A duniyar kyauta maganinsa sananne ne: wani zai sauke duka biyun, ya haɗa ɗan faci, wato ƙaramin fayil da ke sasanta su, ya saka wa jama'a. Na nema na rasa. Mai yin facin sai ya fara sayen kayan kafin ya buɗe shi ya ga cikinsa, kuma da yawa daga masu wannan gwaninta suna cewa ba za su yi wa wani aikin banza ya ci riba ba. Ƙarshenta sai na kashe na kyautan don in more wanda na biya. Wato kuɗina ya sayo mini ƙauye, ya kuma raba ni da gaɓar teku guda.

Daga nan ne na fahimci cewa rigimar da ake yi kan sayar da mod ta wuce batun rowa. An daɗe ana yinta. Ranar 23 ga Afrilu 2015 Valve, mai shagon gem na Steam, da Bethesda suka fara sayar da mod na Skyrim a Steam Workshop, sashen mod na shagon. Rabon kuɗin shi ya fara tunzura mutane: mai ƙira kashi 25 cikin ɗari, Valve 30, Bethesda 45. Ba a je ko'ina ba aka janye wani mod na kamun kifi daga kasuwar, domin an gina shi a kan aikin wani mai ƙira da ya bayar da nasa kyauta, ba a kuma nemi izininsa ba. Mutane sama da dubu 100 suka sa hannu a takardar koke, Gabe Newell, shugaban Valve, da kansa ya fito yana amsa tambayoyi, ranar 27 ga watan aka rufe shagon aka mayar wa masu saye kuɗinsu. Kwana huɗu ya yi a duniya. Wannan mod na kamun kifi ya tona abin da har yau ba a warware ba: kusan kowane mod a kafaɗar wani yake tsaye. Idan na sama ya fara karɓar kuɗi, na ƙasa fa?

Bethesda ta koyi darasi daidai gwargwado. Tsarinta na Creation Club na 2017 ya ɗauki masu ƙira kamar 'yan kwangila, ana biyansu a kan aikin da suka kammala. Tsarin 2023 kuma yana ba su kaso daga kowane ciniki, da sharaɗin cewa aikin ya zama sabo fil, kada kuma ya dogara da mod ɗin wani. Wannan sharaɗi ya toshe ƙofar cin gumin wasu, amma shi ne kuma ya sa kayan shagon ba sa iya amfani da SKSE, manhajar da manyan mod na kwamfuta da dama ke jingina da ita. Don haka kada ka shiga shagon kana tsammanin abin da zai juya gem ɗin gaba ɗaya. Batun farashi ma bai kwanta ba: a Yunin 2024 an sayar da aiki guda ɗaya na farautar mai laifi a Starfield, wani gem ɗin Bethesda, a kan kiredit 700, kimanin dala 7, 'yan wasa suka yi ca a kai, har suka tuno da sulken dokin gem ɗinta na Oblivion na 2006 da aka sayar dala biyu da rabi.

Ban yarda da masu cewa duk mai neman kuɗi maci amana ne ba. Enderal, wanda ƙungiyar SureAI ta fitar kyauta a 2016, mod ne na Skyrim mai girman cikakken gem da ya ci shekaru ana gina shi. Nick Pearce ya yi The Forgotten City a matsayin mod a 2015, sai a 2021 ya fito da shi a matsayin gem mai zaman kansa da ake saya. Counter-Strike ma daga mod na Half-Life ya taso. Mutum ya kwashe dararensa yana wannan aiki, a sallame shi da "mun gode" kawai, ni ban ga adalci a ciki ba. Kuma mu faɗi gaskiya, maɓallin bayar da gudummawa yana nan a shafukan masu ƙira, mu nawa ne muke danna shi? Nexus Mods, mai shafin da ake sauke mod kyauta, ta fara raba wa masu ƙira wani abu daga kuɗin shigarta tun 2018, hanya ce mai kyau domin ba ta kulle kowa a waje.

Biyan wata-watan ne ya fi ba ni haushi. Mod ne na gyaran motsin faɗa, mai kyau ƙwarai, saran takobi yana da nauyi a hannu. Na biya, na sauke, na dakatar da biyan. Da gem ɗin ya samu sabuntawa sai mod ɗin ya daina tashi, sabon da aka gyara kuma yana bayan katangar masu biya. Ashe haya nake yi. Na rubuta wa mai shi, amsar da na samu ita ce in sabunta rajistata. Babu wanda ya tantance aikin, babu wurin kai ƙara, babu maganar mayar da kuɗi. A nan na ga hikimar dokar da EA ta fitar wa gem ɗinta na The Sims 4 a 2022: mai ƙira na iya bai wa masu tallafa masa damar riga kowa samu na ɗan lokaci, daga baya dole ya saki kayan kyauta ga kowa. Da mutumin nan ya bi wannan tsari, da har yanzu ina tura masa wani abu da zuciya ɗaya.

Idan a PlayStation ko Xbox kake wasa, ko kuma Skyrim ɗinka bai cika da mod ba, kayan shagon za su zauna maka lafiya. Ka dai kalli bidiyon wanda ya buga kafin ka saya, tunda babu ɗanɗano kafin ciniki. Idan kuwa jerinka ya yi tsawo, ka fara bincika ko akwai faci tsakanin abin da za ka saya da duk mod ɗin da ya taɓa wannan yanki na taswira. In babu, ka riƙe kuɗinka har a yi shi.