Dishonored: Waye Ya Ƙulla Makircin Dunwall?

Wasan bidiyo na Dishonored na kamfanin Arkane, wanda labarinsa ke faruwa a birnin Dunwall, ya fito a 2012. Wanda zai saya yau gara ya nemi Definitive Edition ta 2015, domin tana haɗe da ƙarin babukan Daud, makashin haya na labarin, ko da yake a PS4 hoton ba ya wuce firam 30 a daƙiƙa.

Masu wasa na yawan musu kan ko miyagun bakinsu ɗaya. A juyin mulkin farko hujja na nan ƙarara. Hiram Burrows, shugaban leƙen asiri, shi ya biya Daud ya kashe sarauniya Jessamine, ya shafa wa Corvo, mai tsaron sarauniyar kuma jarumin wasan, kashin kaji. Campbell ya ba shi goyon bayan malaman addini, tagwayen Pendleton suka tsare masa majalisa, Lady Boyle ta zuba dukiya. Daud kuwa ɗan haya ne, kujera ba ta dame shi ba. A babi na shida, buɗe akwatin ƙarfen ɗakin Burrows da lamba 935, ka ɗauki faifan muryarsa da ke ciki ka sa a gidan shela. Da bakinsa yake amsa cewa shi ya shigo da annobar ɓeraye don kawar da talakawa.

Makirci na biyu, wato cin amanar da abokan Corvo, su Havelock da Martin, suka yi masa, shi ne ba shi da kauri. A ganina tsoro ne ya haɗa su daga baya, kuma wasan ya yi gaggawar wuce wurin.

Mai son gamawa ba kisa ya kula: wanda ka sumar, in ya faɗa ruwa ko ɓeraye suka cinye shi, a kanka za a lissafa. Ɗora shi kan tebur ko rufi.