Dala 7,550 da maki 14 sun tafi: gargaɗi ga duk wanda ƙuri'ar farautar elk ta faɗa wa a Arizona

Assalamu alaikum 'yan uwa mafarauta mazauna Amurka. Wani mutum da ke kiran kansa jagoran farauta a arewacin Arizona ya cinye min dala 7,550. Dala dubu bakwai da ɗari biyar da hamsin. Kuma kuɗin ba su ne babbar asarar ba. Ba zan kama sunansa yanzu ba saboda maganar tana hannun hukuma, amma duk saƙonninmu da rasit-rasit suna wayata, zan ɗora hotunansu da zarar na rufe lambar asusuna da ke jiki.

Wanda bai san harkar ba zai ce kuɗi ne kawai, a nemi wasu. Bari in yi bayani. Elk babbar barewa ce mai ƙaho mai rassa, namijin da ya ƙosa yana haura kilo 300. A Arizona ba shiga shago ake yi a sayi tikitin harbinsa ba, ƙuri'a ake shiga a watan Fabrairu. Wanda ba mazaunin jihar ba, irina, sai ya sayi lasisi na dala 160 kowace shekara, ya biya dala 15 kuɗin shiga, ko ya ci ko bai ci ba. Duk shekarar da ka faɗi a ba ka maki ɗaya, wanda ke ƙara maka damar ci a ƙuri'ar gaba. Akwai maki ɗaya na wanda ya jera shekara biyar bai tsallake ba, da wani ɗaya na kwas ɗin koyon farauta. Baƙi gaba ɗayanmu ba a ba mu fiye da kashi 10 cikin 100 na tikitin. Shekara 14 ina shiga, makina 16, sannan ƙuri'ar farauta da kwari da baka ta yanki na 9 ta faɗo kaina, yankin da ke kudu da Grand Canyon, cikin dajin Kaibab. Tikitin kansa dala 650. Ranar da ka ci, makinka na shekaru sun goge. Daga 16 na koma 2.

Wannan shi macucin ya sani. Ya san wanda ya jira shekara 14 ba zai tsaya cinikin dala dubu biyu ba.

A watan Maris na rubuta a wani zauren mafarauta na Facebook cewa na ci yanki na 9. Ba a kwana ba saƙonsa ya shigo. Washegari ya kira, muka yi kusan awa guda. Kada wani ya ce min da ganin irinsu ai an sani. Ba a sani. Mutumin ya san dajin. Ya faɗa min yadda hanya mai lamba 64 take tasowa daga Williams zuwa Tusayan, ya faɗa min inda iyakar gandun Grand Canyon take ta arewa da ƙasar 'yan Navajo ta gabas, ya ce dabbar da aka harba in ta tsallaka can ba ka da ikon bin ta kai tsaye. Ya ce yankin ba rafi, rayuwar elk tana kan tafkunan da aka haƙa da tankunan ruwa, shekarar da damina ta yi kyau ruwa ya bazu ko'ina zaman jira a bakin tafki ba ya aiki, sai dai a bi kukan namiji da asuba. Duk gaskiya ne. Na tambaye shi yadda yake yi da iska da hantsi, ya ce da sassafe iska gangarowa take yi, rana na ɗagawa ta juya ta hau, don haka ƙarfe tara in ba ka kusanci garken ba ka janye kada ka kore su. Amsar da ni ma zan bayar ke nan. A nan na saki jiki. Ina zaune cikin mota a bakin wurin aiki, na kashe injin don in ji shi sosai, ya ce, “Ɗan'uwa, wannan tikitin sau ɗaya yake zuwa wa mutum, ba zan bari ya lalace a hannunka ba.” Wannan maganar har yau tana kunnena.

Farashi dala 9,500, kwana goma, jagora ɗaya mafarauci ɗaya, da tanti da abinci da fitar da nama. Bai yi arhar da zai sa in yi zargi ba. Rabi kafin alƙalami, dala 4,750. Karɓar rabi abu ne da masu gaskiya ma suke yi. Sai dai ya ce na'urar katinsa tana cire masa kaso, in tura daga banki zuwa banki ta waya. Na tura. Da kati na biya, da ina da kwana 60 daga fitowar takardar banki in kai ƙorafi a rubuce. Kuɗin da ka tura da hannunka ta waya kuwa tamkar ka miƙa tsaba ne.

 Daga baya ya karɓi ƙarin dala 2,000 a Yuli, wai kuɗin leƙen daji da na yaro na biyu da zai riƙa hawa tudu da madubin hangen nesa. Sannan 800 a Agusta, wai kuɗin izinin hukumar gandun daji. 4,750 da 2,000 da 800. Wannan izinin gaskiya akwai shi: duk mai karɓar kuɗi ya yi jagora a dajin gwamnatin tarayya sai ya riƙe takardar izini ta musamman daga hukumar gandun daji, ban da lasisin jagora da Hukumar Namun Daji da Kifi ta Arizona take bayarwa. Amma nauyinsa ne, da sunansa ake yi, ba a yanka wa mafarauci rasit dabam a kai. Na san haka. Ya ce bana ne aka sauya tsarin, ni kuma saura wata guda a buɗe farauta, kuɗina 6,750 suna hannunsa, ban so mu ɓata ba.

Abin da ya fi ci min rai hotunan nan ne. Tun Yuli yake turo min hotunan wani namiji mai rassa shida kowane gefe yana shan ruwa da dare, irin hoton kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, da kwanan watan bana a ƙasa. Ya ce zai kai inci 370 a ma'aunin ƙaho. Arizona ta haramta amfani da irin wannan kyamara don farauta tun 1 ga Janairun 2022. Na sani, na karanta dokar tun lokacin da aka yi ta. Jagora mai lasisi ba zai taɓa tura wa baƙo irin wannan hoton ba, don shaida ce a kansa. Ko dai hoton sata ne, ko mutumin mai karya doka ne, ba na uku. Ni kuwa ƙahon nake ƙirgawa. Bayan komai ya lalace na saka hoton a binciken hoto na Google, cikin minti biyu ya fito a wani tsohon shafi, daga wata jiha dabam, an goge kwanan watan an sa sabo.

Lasisin ma na tambaya, kada a ce ban tambaya ba. Tun kiran farko na tambaya. Ya turo hoton kati mai sunansa da lamba. Ya ba ni lambobin mutum biyu da ya ce ya yi musu jagora, na kira duka biyun, suka yabe shi. Yanzu ina kyautata zaton ɗayansu shi ne da kansa da wata waya. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban kira hukumar namun daji na karanta musu lambar ba. Da na kira daga baya, ba su da mai wannan suna.

Ga inda ya kashe ni. Lokacin shiga ƙuri'a na sayi PointGuard, tsarin da ke ba ka damar mayar da tikiti a dawo maka da makinka, kuɗin tikitin ne kawai ba ya dawowa. Sharaɗinsa ka miƙa tikitin kafin a tashi aiki ranar jajiberin buɗe farauta. Farautar mako biyu ce a tsakiyar Satumba, Juma'a ake buɗewa. Na iso Tusayan ranar Laraba da bakana da akwatunan ƙanƙara huɗu. Ya ce Alhamis ƙarfe biyu zai zo ya ɗauke ni zuwa sansani. Ƙarfe biyu ya ce taya ta fashe. Uku da rabi ya ce yana Williams. Ofishin hukumar na Flagstaff tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga inda nake tsaye. Da ya ɓace tun Laraba, da na kai tikitin na tsira da makina 16. Sai da biyar ta wuce ya turo saƙo na ƙarshe, “Ina hanya.” Daga nan waya a kashe, shafinsa na Facebook ko sama ko ƙasa. Ni da ma na gaya masa ina da PointGuard, tun a Maris, da bakina. Ba wanda zai sa in yarda fashewar tayar nan tsautsayi ce.

Na shiga dajin ni kaɗai kwana shida, ban san tafki ko ɗaya mai ruwa ba, na ji kuka sau biyu daga nesa. Ko da na samu dama ma akwai matsala: a zafin Satumba dole a feɗe nan take, a raba cinyoyi da kafaɗu huɗu, a cire naman baya da na wuya, a rataye a inuwa cikin buhun yadi, don naman da ke kusa da ƙashin cinya da wuya shi ke fara ruɓewa cikin awoyi kaɗan. Mutum ɗaya sai ya yi sawu huɗu ko biyar da kaya a baya. Abin da na biya 7,550 don shi ke nan. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na kai rahoto ofishin sherif na gundumar Coconino, da layin Operation Game Thief na hukumar namun daji da ake kai rahoton masu karya dokar farauta, da shafin IC3 na FBI da ake kai ƙorafin zamba ta intanet.

In kun ci ƙuri'a, kada ku sanar a zaure. Ku kira hukumar jihar ku tabbatar da lasisi, ku kira ofishin gandun dajin yankin ku tabbatar da izini, ku karɓi yarjejeniya a rubuce, ku biya da kati kawai. Ku sani farauta da jagora marar lasisi tana iya jawo muku shari'a ku ma, har da dokar Lacey ta 1900, dokar tarayya da ta hana safarar namun dajin da aka samu ba bisa ƙa'ida ba, in kun tsallaka jiha da naman. Mai PointGuard ya sa wa kansa iyaka: in bai ga jagora da sansani da idonsa ba zuwa safiyar jajiberi, ya kama hanyar ofis.

Hotunan saƙonni da rasit uku, na 4,750 da na 2,000 da na 800, suna tafe. Duk wanda wani ya turo wa hoton namiji mai rassa shida a bakin tafki daga yanki na 9 ko na 10, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu gwada lambar wayar.