Tukunyar kashe gobara ta shago: mai hoda ko mai iska?

Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda ka ce shagon yadi ne a Agege, ga kuma janareto a bakin ƙofa, to mai hoda za ka saya, kilo 6, in aljihu ya yarda ma ka ɗauki kilo 9. Mai iskar nan CO2 mai baƙin ƙaho ka bar ta tukuna.

Ni mai hoda ce rataye a shagona nan Mile 12, kuma na ga ranarta da idona. Wani yammaci an ɗauke wuta, yaron maƙwabcina ya zo ƙara wa janareto mai bai jira ya huce ba, man ya ɗiga a kan salansa, kafin ka ce kwabo wuta ta bi ta kama bakin jarka, yaro ya yar da jarkar ya ruga, man ya malale ƙarƙashin kwalayen da aka jera a gefe. Mutane na ta salati wani har ya ɗauko bokitin ruwa, Allah ya taimaka wani dattijo ya riƙe masa hannu, don ruwa a kan fetur ƙara yaɗa wutar yake yi. Na sauko da tukunyar na zare fil ɗin, na saita tiyon a gindin wutar ba saman harshenta ba, na matsa ina kaɗa shi dama da hagu. Wallahi kafin ta ƙare wutar ta mutu murus. Abin da ya ƙone kwalaye ne da tayar janareton. Maƙwabcin nan har yau in ya shigo shagona sai ya ɗaga kai ya kalli inda take rataye, washegari ma shi ya biya kuɗin sake cika ta, ya kuma sayo tasa.

Amma gaskiya tana da ɓarna. Hodar nan babu inda ba ta shiga, layin gaba ɗaya ya yi fari fat, muna tari ido na ruwa, har dare ana shara, rediyon mai shayin gefenmu tun ranar bai sake magana daidai ba. A shagonka kuwa yadin da ta sauka a kai sai an kakkaɓe, wani ma sai an karya masa farashi. To amma yadin da ya sha ƙura ana iya sayar da shi, wanda ya ci wuta fa?

Dalilin da ya sa na dage a kanta, ka duba jikinta za ka ga an rubuta ABC, wato tana kashe wutar katako da yadi da takarda, tana kashe ta fetur, tana kashe ta gas, kuma ana fesa ta a kayan lantarki. Duk abin da zai iya tashi a shagonka yana ciki.

Mai iska ina da ƙarama da na tarar a shagon lokacin da na karɓa, tana nan a lungu. Kyanta ɗaya, ba ta barin datti, shi ya sa ta dace da masu gyaran waya da masu kwamfuta irin na Computer Village a Ikeja. Ban da wannan ban ga abin yabo ba. A fili iska ke kwashe ta, a yadi kuma sai ta kashe harshen wutar ta bar garwashin yana ci ta ciki, ka juya baya ta sake tashi. Ƙahon yana yin sanyin da zai ƙona maka hannu in ka riƙe shi, a ƙaramin ɗaki rufaffe kuma numfashinka take cinyewa. Ba ta ma da agogon nan mai allura da ke nuna ƙarfin iskar da ke ciki, sai ka ɗora ta a sikeli kafin ka san cike take ko wofi.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai marasa tsoron Allah da ke tsintar tsofaffin tukwane su fesa musu jan fenti su manna sabuwar takarda, ciki kuma Allah kaɗai ya san me suka ɗura. Kar ka saya a gosulo, waɗancan ƙananan na gwangwani kamar maganin sauro direbobi ke saye don kar a tare su a hanya, ba za su tsare maka shago ba. Ka je shagon da ke da mazauni, ka ga allurar agogon tana kan kore, fil ɗin yana ɗaure da robarsa ba a tsinka ba, ka juya gindin ka duba tsatsa, ka karanta ranar da aka cika ta, ka karɓi rasit, kuma ka tambaye shi ko yana sake cikawa. Wanda ya fara kame-kame a wannan tambayar ka bar masa kayansa.

In ka kawo ta ka rataye ta kusa da ƙofar fita, kar ka cusa ta bayan dilolin yadi, kar kuma ka ajiye ta jikin janareton inda wutar za ta raba ka da ita. Lokaci-lokaci ka sauke ta ka juya ta ka girgiza saboda danshin Legas da daɗewa a wuri ɗaya suna sa hodar ta dunƙule. Yaran shago kowa ya san yadda ake zare fil, don sau da yawa kana masallaci ko ka tafi sari abin zai faru. Kuma ku sani feshin nata na 'yan daƙiƙoƙi ne, ko rabin minti ba ya kaiwa, wutar da ta fara yanzu take kashewa. In ta riga ta kama silin kowa ya fita kawai, a kashe layin lantarki in hannu zai kai, a kira 767 ko 112, kyauta ne. Kar a ce sai an gwada an kasa sannan a kira 'yan kwana-kwana, mun sha ganin yadda ake fama a kasuwar Balogun, lunguna a matse, kaya a kan hanya, mota ta iso ta rasa ta inda za ta shiga.

In iyali na girki a bayan shagon, man gyada da ya kama a kasko murfi ake kifa masa a kashe gas ɗin, kar a zuba ruwa ko kaɗan.

Ka ɗauki mai hoda kilo 6 Alhaji, ka kuma yi wa maƙwabtanka na dama da hagu magana su ma su saya, don tukunya ɗaya in ta ƙare a tsakiyar aiki ta gefe za a ɗauko. In ka je shagon ka ɗauki hoton agogon da na takardar jikinta ka turo nan mu duba maka kafin ka biya.