Revenge from Mars: kwana tara ina gyaransa a Rayfield

Shekara 22 ina gyaran talabijin kusa da Terminus a Jos, amma sai a hunturun bana na fara taɓa injin pinball da hannuna. Wani Alhaji ne a Rayfield ya aiko a kira ni. Ɗansa ya sayo shi na gwanjo daga Amurka, ya fi shekara a falo an lulluɓe shi da zanin gado. Ya ce, "Malam, ka duba mana, an ce akwai talabijin a cikinsa."

Teburi ne mai gangare, an rufe shi da gilashi. Ana harba ƙwallon ƙarfe irin na boris, kai kuma kana danna maɓalli biyu a gefe, wasu 'yan sanduna biyu suna maka shi sama don kada ya zurare. Wannan tsohon wasa ne. Abin da ya bambanta wannan injin shi ne talabijin mai ƙeya, inci 19, da aka kifa a samansa tana kallon ƙasa. Hotonta na sauka a kan gilashin, kamar yadda kake ganin fuskarka a tagar mota da dare alhali kana ganin titi. Sai ka ga dodannin duniyar Mars suna yawo a kan teburin, ka harba ƙwallon gaske ya same su, su tarwatse. Ranar da hoton ya fara fitowa, yarona ya kai hannu zai taɓa. "Oga, wallahi a ciki suke!" Ni kaina na daɗe a tsaye ban ce komai ba.

Kafin nan na sha wuya. Wutarsa 110 ce, sai da taransifoma. Robobin duk sun tsage, ƙura ta kashe fankar kwamfutar, na canza kafasita da dama a talabijin ɗin. Wannan duk aikina ne. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kwamfutar, tsohuwar Cyrix MediaGX da wani kati nata na musamman. In ta mutu, ka zaga Dilimi har ka gaji ba za ka samu ba. Wasan ma yana da aibi: yawancin harbin tsakiya ake so, saboda can hoton yake, bayan awa ɗaya ka fara jin maimaici.

Amma aikin da ke ciki aiki ne na mutanen da suka san sana'arsu. Teburin ma ana iya zare shi a sa na wani wasan a akwati ɗaya.

Shi ya sa labarin kamfanin ya tsaya mini a rai. Williams na Chicago ne, sun kuma mallaki sunan Bally, wani tsohon kamfanin pinball, tun 1988. A 1992 sun sayar da injin The Addams Family sama da 20,000. Daga nan kasuwa ta fara zamewa, yara suka koma wasan bidiyo a gida, shagunan wasa suna ta rufewa. George Gomez da Pat Lawlor, masu tsara wasanni a kamfanin, suka kawo wannan dabara ta sa talabijin a pinball, aka sa mata suna Pinball 2000. Revenge from Mars ya fito a farkon 1999, ya sayu kusan 7,000. Na biyun, Star Wars Episode I, wajen rabin haka. Ranar 25 ga Oktoban shekarar kamfanin ya rufe sashen pinball gaba ɗaya, na ukun, Wizard Blocks, ba a ma gama shi ba. Kuɗi na wajen injinan caca, can suka tattara. Kamfanin Stern kaɗai ya rage a fagen a lokacin.

Wannan ya ƙona mini rai. Mutanen nan an ce su ceci sana'arsu, sun kawo abin da har yau yake ba mutum mamaki, aka ba su wata tara kacal.

Wanda ba shi da mai gyara a kusa, da wuta tsayayya, ban ba shi shawarar saye ba. Alhaji ya tambaye ni ko ya sayar tunda yanzu yana aiki. Na ce a'a, ya dai sayo sitabilaiza, a riƙa kashe shi kafin a tayar da janareto, ni kuma zan riƙa zuwa duk wata uku in share masa ƙura.